Tsoro na daji ne, wa ya shigo da shi tsakar gida?

Bayan sallar isha'i ne, a gidan ƙanena a Belbeji, ana tsakiyar girbin gero. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, yara sun kewaye kwano guda, mu manya muna gefe muna jiran shayi. Sai maigidan ya zaro waya daga aljihu ya ce, "Yaya, saurari abin da aka turo." Ya ƙure murya. Wata mata ce take kuka a cikin saƙon, tana rantse-rantse, tana ƙirga mutanen da aka kwashe a garinsu cikin dare, tana faɗin abin da aka yi wa wanda ya yi gardama. Ba ta ambaci sunan garin ba, ba ta ce yaushe abin ya faru ba. Muka ɗauki salati. Matan gida suka ce ba su ji farkon ba, aka sake kunna musu. Maƙwabci ya yi sallama, shi ma aka kunna masa.

A cikinmu babu wanda ya waiwayi kwanon yara.

Da gari ya waye aka ce wa ɗiyar ƙanen nawa, ƴar shekara 7, ta bi sa'o'inta ɗebo ruwa, ta ce cikinta yana ciwo. Washegari ma ciki. A rana ta uku uwar ta fusata, don ta ga yarinya tana cin abincinta lafiya lau. Tsohuwarmu ce ta shiga tsakani, ta ce, "Bar mini kishiyata. Ke, zo ki tsefe mini kai." Ana cikin tsifa, ba wanda ya tambaye ta komai, yarinya ta ce, "Kaka, mutanen nan sau uku suka zo ran nan. Yanzu gidan wa ya rage?"

Sau uku aka kunna saƙon, ita kuwa hari uku ta ƙirga. Tunda ba a faɗi gari ba, sai ta ajiye abin a inda ta sani, bayan gidansu, kan hanyar rijiya.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Yau tsoron yana cikin aljihun maigida, da shi ake cin tuwo, kunyar kuma tana nan daram, ta hana uba ya zaunar da ɗiyarsa ya ce mata ga abin da kika ji, ga gaskiyarsa. Kullum muna jin labarin ta'asa a gaban ƴaƴanmu, muna tattauna shi a saman kawunansu, amma da su ba mu taɓa yin maganar ba. A ganina wannan shirun ya fi labarin kansa cutar da su.

In yaro ya yi ta maza ya tambaya, abin da ya fi ji shi ne, "Ba ruwanka, maganar manya ce." Mai tausayi kuma ya ce masa, "Ba komai, ƙarya ce, je ka kwanta," alhali yaron ya ga uwarsa ta dafe ƙirji, ya ga tun magariba aka tokare ƙyaure da turmi. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma babu wanda ya kai yaro iya wannan tambaya. Abin da zai kwana da shi shi ne akwai wani mugun abu da ko Inna ba ta iya faɗa, kuma in ta ce ba komai, ba lalle ne ba komai ɗin ba. Addini ma bai ba mu wannan dama ba. Abu Dawuda ya ruwaito labarin matar da ta kira ɗanta da cewa za ta ba shi wani abu, tana nufin dabino, Manzon Allah (SAW) ya sanar da ita cewa da ba ta da abin da za ta ba shi, da an rubuta mata ƙarya. Idan ƙarya a kan dabino ana rubuta ta, ina ga wadda ke rushe amanar da yaro zai buƙata ranar da wani abu ya same shi?

Akwai wadda ta fi wannan ciwo. Na sha jin uwa, yaro ya ishe ta da kuka a kasuwa, ta ce, "Ka yi shiru ko in kira ƴan bindiga su tafi da kai." Ba mugunta ba ce, gajiya ce, ita ma da Dodo aka yi mata lokacin da take ƙarama. Sai dai ta manta yadda Dodon yake zuwa.

Dodon tatsuniya abin tsoro ne na gaske. Yana haɗiye gari guda, yana tare bakin rafi, yana rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri budurwa mai ruwan ido ya kai ta dawa. Amma a dubi irin shingen da aka yi masa. Ba a tatsuniya da rana, sai an gama aiki an taru. Mai bayarwa tsohuwa ce da yaro ya sani, yana jingine da cinyarta, yana jin ɗumin jikinta. Ba ta farawa sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa, wato da yardarsu ake shiga. Tana bayarwa tana duban idanunsu. In ta ga auta ya fara cusa kai cikin zanenta sai ta sassauta, ta sako Gizo da Ƙoƙi a yi dariya. Sau da yawa akwai wani ɗan ƙarami da kowa ya raina, shi ne zai yi dabara ya tsaga cikin Dodo ya fito da mutanen gari. Sannan a ce ƙurunƙus. An rufe, kowa ya nemi makwanci. Kakanninmu na nan Damargu ba cikin kwanciyar hankali suka riƙe wannan tsari ba. Ƙasar nan hanyar ayari ce tsakanin Kano da Abzin, rumbun gero ce da idon kowa ke kai, sun san hari, sun san kamen bayi, sun san yunwar da ke tayar da gari. Sun tabbata yaro zai gamu da tsoro ko ba jima ko ba daɗe, sai suka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kamar jiƙo, a hannun wanda ke ƙaunarsa.

Saƙon da ƙanena ya kunna ba a nemi yardar kowa ba kafin a buɗe shi, mai kukan ba ta ganin idon yaran da ke saurarenta, ba ƙaramin da ya kuɓuta a ciki, ba kuma ƙurunƙus.

Ko rediyon da muka tashi da shi yana da nasa shingen. Tun 1957 da BBC ta fara magana da Hausa, ta Jamus da ta Amurka suka biyo baya, ga Muryar Sahel ta gida, labari yana da lokacinsa. Mai karantawa zai faɗi gari, ya faɗi rana, ya faɗi wanda ya tabbatar, kuma ba a ganin gawa a rediyo. In lokaci ya cika tsoho ya maida eriya ya tashi. An dakatar da RFI a nan Nijar a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Ko me mutum zai ce game da dalilan, a gidaje da yawa zaurukan WhatsApp ne suka cike gurbin, inda tsohon hoto ke dawowa da sabon suna. Lokacin rikicin Filato a Yunin 2018, ɗaya daga cikin hotunan da suka fi tunzura mutane a Facebook, binciken BBC ya gano daga Kongo ya fito, shekaru kafin rikicin. A aya ta 83 ta Suratun Nisa'i an zargi masu yayata labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, ba tare da sun maida shi ga waɗanda suka san yadda ake tantance shi ba. Mu kuwa yayatawar tamu a kan tabarmar yara take farawa.

Iyayen yau da yawa sun san wannan a jikinsu. A Janairun 2008 ƴan tawayen MNJ suka shiga Tanut, aka rasa rayuka, suka tafi da perfe da wasu mutane. A lokacin Belbeji tana ƙarƙashin Tanut, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, don haka abin a gida ya faru. Wanda yake ɗan shekara 8 a wancan lokacin yau magidanci ne. Ka tambaye shi, zai tuna yadda manya suka riƙa magana ƙasa-ƙasa, zai tuna yadda ƙarar mota da dare take yanke hira. Da wuya ya tuna wani babba ya kira shi bayan ƙura ta lafa ya ce masa abin nan ya wuce, an sako mutanen. An bar shi ya gano da kansa, ko kuma ya girma da shi a ciki.

Wannan rashin komawa a rufe labari shi ne babban sakacinmu. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina. Babu gidan mai jin Hausa da labarin bai shiga ba. Ranar 17 ga wata aka sako 344. A Jangebe ta Zamfara an ɗauki ƴan mata ranar 26 ga Fabrairu 2021, ranar 2 ga Maris 279 suka dawo. Ranar ɗauka mun yi ta maimaitawa har dare ya raba, ranar dawowa muka ce alhamdulillahi muka shiga wata hira. A zuciyar yaron da ke gefe, yaran Ƙanƙara har yau suna daji. Minti ɗaya ya isa a ce masa, "Ka tuna yaran lakwal ɗin nan da aka ɗauka? Sun dawo, jiya a gidajensu suka kwana." Na san ba kowane labari ke ƙarewa haka ba. Cikin ƴan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 akwai waɗanda har yanzu iyayensu ke jira. Yaron da ya yi wayon tambaya a faɗa masa haka, a ce masa ba a manta da su ba, a sa su cikin addu'ar kwanciya tare da shi. Yana iya ɗaukar baƙin ciki in akwai babba a gefensa.

Haka kuma yaro bai san nisa ba. A wurinsa Zamfara da bayan gari duk "can" ne. Tsakanin Belbeji da Ƙanƙara ya fi kilomita 300, amma wannan lissafi ba zai shiga kan ɗan shekara 6 ba. Abin da zai shiga shi ne, "Ka tuna tafiyarmu Damagaram, yadda ka gaji a mota har ka yi barci? Wurin ya fi can nisa sosai, sai an wuce iyaka ma." Kada kuma a wuce gona da iri a ce mu nan ba abin da zai taɓa mu. Kudancin jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji da Madarunfa, ya ga satar mutane don kuɗin fansa, kuma tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suke zaune can. Satar dabbobi da tare hanya ma ba baƙi ba ne a ƙasarmu. A faɗa wa yaro abin da ke nesa yana nesa, abin da ke kusa kuma a faɗa masa su wa ke tsaye a kansa: maigari, jandarmomi, samarin unguwa da ke kwana a fada, da ubansa da ke kwance a bakin ƙofa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suna ruwan bama-bamai a Landan, Anna Freud da Dorothy Burlingham suka riƙe gidajen renon yara a unguwar Hamsted, suna rubuta abin da suke gani kullum. Sun lura cewa ƙananan yaran da uwayensu ke natsuwa in an busa ƙahon gargaɗi ba su cika razana ba, ko da gini na rushewa a kusa, waɗanda uwayensu ke kiɗimewa kuwa sukan ɗauki kiɗimar. Sun ga kuma rabuwa da uwa ta fi bam girgiza yaro. Kowace kaka a nan yankinmu na Tarka ta san wannan ba tare da ta je Landan ba. Yaro in ya faɗi, fuskar uwa yake fara duba kafin ya san ko zai yi kuka. Ba ina cewa uwa ta zama dutse ba. Tana iya cewa, "Ni ma abin ya taɓa ni, shi ya sa ka ga na yi hawaye, amma ga mu nan tare." Abin da ba zai yiwu ba shi ne yaro ya zama shi ke lallashin babba, ko ya zama kwandon da babba ke juye fargabarsa.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ƙi yarda da ni a kan wannan. Ya ce zamani ya lalace, gara yaro ya ji tsoro ya zauna gida da a ɗauke shi. Na fahimci zuciyarsa. Amma ɗan Tarka ba ya zama gida. Shi ke kai awaki kiwo, shi ke kai wa masu girbi fura a gona, ita ke ɗebo ruwa da itace, su ke taka ƙasa zuwa lakwal da makarantar allo. Mun san yadda muke koya musu zama da maciji. Ba mu ce musu daji duka maciji ne ba. Mukan ce kada ka sa hannu a rami, ka buga dami da sanda kafin ka ɗaga, in ya sare ka kada ka ɓoye, ka yi kururuwa. Yaron da aka koya wa haka yana shiga daji da idonsa a buɗe. Wanda aka razana kawai, in ya ga tsumma zai gudu, ranar da ya gamu da na gasken kuma ƙafarsa ta riƙe. Mugun mutum ma haka ya kamata a koya musu shi: ku tafi a ƙungiya, ku dawo kafin magariba, kada ku hau babur ɗin wanda Inna ba ta ce ku hau ba, in kun ga abin da bai kwanta muku ba ku nufi gida mafi kusa kuna ihu.

Akwai kuma wani ɓangare da kunya ta fi toshe mana baki a kansa. A Disamban 2021 aka sace wata yarinya ƴar shekara 5 a Kano tana dawowa daga Islamiyya. A Janairun 2022 aka gano gawarta. Wanda ya ɗauke ta shi ne mai makarantar bokon da take zuwa, kuma a Yulin 2022 babbar kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa tare da wanda ya taimaka masa. Duk ƙasar Hausa ta yi kukan yarinyar nan, har nan. Amma me muka ce wa namu bayan kukan? Mafi yawanmu mun ƙara ja musu kunne a kan baƙo. Ita kuwa ba baƙo ta bi ba, ta bi wanda aka koya mata ta girmama.

Tarbiyyarmu ta ginu a kan yaro ba ya musu da babba, in an aike shi ya tafi, in an kira shi ya zo, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Ina alfahari da wannan tarbiyya, ba na so ta ɓace. Amma dole a buɗe mata ƙofa guda. Yaro ya ji daga bakin ubansa cewa ko mushen lakwal ne, ko malam, ko kawu, ko abokin Baba, in ya ce zo mu je wani wuri kada ka faɗa wa kowa, ko ya taɓa ka inda zane ke rufewa, kana da izinin ka ƙi, ka gudu, ka zo ka faɗa, kuma ba za a doke ka ba. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ginshiƙin. Yara da yawa suna haɗiye abin da aka yi musu don bulalar gida ta fi kusa da su fiye da mai laifin. In uba yana jin nauyin ɗan fari, in uwa ba ta ko iya kiran sunansa, ai don haka Allah ya yi kaka da gwaggo da ƙanwar uwa. Al'ada ta riga ta tanadi mutanen da yaro ke sakewa da su, saura a ɗora musu wannan aiki da gangan.

Abu guda kuma ya fi shafar mu mutanen Tarka fiye da mazauna birni. Kwarin Tarka yana daidai inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara, kusa da layin da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma ta arewa. Ranar kasuwa Bahaushe da Bafulatani da Buzu da Babarbare kafaɗa da kafaɗa suke ciniki, rijiya ɗaya ake ja. Saƙonnin da ke zuwa daga kudu kuwa sau da yawa ba sa cewa ɓarayi sun shigo, sunan ƙabila suke kira. Babba yana iya rarrabewa, ya san shanun Fulani ne ɓarayin daji suka fara korewa, ya san a cikin masu kai musu rahoto da masu sayar musu da mai akwai ƴan gari. Yaro ba ya rarrabewa. Abin da ya ji shi ne Dodo yana da ƙabila, kuma matar da ke kawo nono kowace safiya daga cikinsu take. A rugga ma akwai yaro a kan tabarma, yana jin manyansa suna cewa manoma sun yi kaza.

A Oktoban 1991, ana cikin Taron Ƙasa a Yamai, aka kashe mutane sama da 100 a Toda ta jihar Maraɗi, akasarinsu mata da yaran Fulani, a kan rikicin gona da kiwo. Waɗanda suka ɗauki makami ran nan su ma sun taɓa zama yara a gefen hirar manya. Duk shekara in girbi ya zo, dabbobi sun fara gangarowa kafin a saki gonaki, zukata kan yi zafi, kuma a daidai wannan lokacin ne kalmar da uba ya furta a gaban ɗansa take da nauyi. Ƙasar da wasan barkwancinta ya shiga kundin UNESCO a 2014, inda Bafulatani da Babarbare ke tsokanar juna su rabu da dariya, bai kamata ta bar waya ta koya wa ƴaƴanta sunan maƙwabci a matsayin abin gudu ba. A ce ɓarawo, a ce mugu, a ce ɗan fashi. In yaro ya tambaya ko su wane ne, a kira masa sunan Bafulatanin da ke riƙe da tumakin gidansu, a tambaye shi ko ya taɓa cutar da shi.

Tsohuwarmu ba ta yi dogon bayani ba ranar tsifar nan. Ta ce wa yarinyar magana ɗaya ce aka maimaita sau uku, kamar yadda mai waƙa ke maimaita amshi. Ta ce mata abin ya faru da gaske, miyagun mutane ne, amma ba a garin nan ba, kuma da wani abu ya taso nan kusa da maigari ya sa an yi shela. Ta karanta mata Falaƙi da Nasi ta shafa mata a ka. Da yamma ta ɗauki sandarta ta raka su har inda ake hango rijiya, ta zauna gindin aduwa sai da suka juyo. Ta kira ɗanta gefe kuma, abin da ta faɗa masa ban ji ba, amma tun daga ranar in saƙo ya shigo yakan tashi ya fita zaure.

Ana gobe zan koma, muna zaune a kan tabarmar nan dai, yarinyar ta zo ta tsuguna kusa da ubanta. Ta jima tana wasa da bakin zanenta, sannan ta ce, "Baba, matar nan mai kuka, an kai mata abinci?"

Ya dube ni, na dube shi. Mu da muka saurare ta sau uku, ko sunan garinta ba mu tambaya ba.